Iyafis mai gane muryar mai shi: abin da mai saye a Sakkwato ya kamata ya sani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi bayani a kan wani kaya da ya cika shagunan waya a Sakkwato, tun daga Babbar Kasuwa har shagunan bakin titin Ahmadu Bello. Ana sayensa da tsada, ana kuma jefar da shi da wuri, alhali da yawa daga cikin waɗanda ake jefarwa lafiyarsu ƙalau. Muna nufin iyafis marar waya, musamman irin wanda ke gane cewa mai shi ya fara magana, sai ya rage sautin da ake saurare, ya buɗe kunne ga abin da ke waje. Ƙorafin da aka fi kawowa teburin gyara iri biyu ne. Wani zai ce, "Wanga abu shina tsai da karatu da kainai, ko taɓa shi ban yi ba." Wani kuma ya ce yana ta magana amma abin ya yi kunnen uwar shegu da shi. Tushen ƙorafin biyu ɗaya ne, kuma wanda ya san yadda na'urar ke yanke hukunci zai iya warware mafi yawansu a gida.

Mai karatu ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu, ya ce "mmm" ya ja ta. Zai ji muryarsa ta yi kauri, ta cika masa kai kamar yana magana cikin randa. Dalili kuwa, muryar mutum hanya biyu take bi. Ɗaya ta fita ta baki ta bi iska. Ɗayar ta bi ƙashin muƙamuƙi da na kai da guringuntsin kunne, ta girgiza bangon ramin kunne daga ciki. Idan kunne a buɗe yake, wannan girgiza ficewa take yi ba a lura da ita. Idan aka toshe shi, sai ta rasa mafita ta taru a ɗan sararin da ke tsakanin abin toshewar da dodon kunne. Tarin ya fi ƙarfi a sauti mai kauri, wanda kaɗawarsa ba ta kai 1000 a sakan ɗaya ba, abin da ake rubutawa 1000 Hz, kuma ƙarin yana iya kai desibel 20 ko ya wuce a ma'aunin ƙarfin sauti. Muryar namiji baligi tana tashi ne daga wajen 85 zuwa 180 Hz, ta mace daga wajen 165 zuwa 255, ka ga ke nan duk suna cikin yankin da toshewa ke ƙara wa ƙarfi.

A kan wannan aka gina fasahar. Iyafis mai kyau yana da makirufo ɗaya ko biyu a bayansa masu sauraren waje, da wani guda a ciki, kusa da sifika, yana kallon ramin kunne. Ƙaramar aisin da ke ciki, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke yi wa na'urar lissafi, tana yanka sauti gutsi-gutsi, kowane gutsure bai fi kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na sakan ba, tana auna ƙarfin abin da na ciki ya ji da abin da na waje ya ji. Idan mai shayi ne ke magana a gabanka, na waje zai fi ji, domin robar bakin iyafis da ke shiga kunne ta tare wa na ciki hanya. Idan kai ne ka buɗe baki, lissafin ya juye: na ciki zai fi jin kaurin muryar. Da aisi ta ga haka a gutsattsari da yawa a jere, sai ta ce mai ni ne ke magana.

Akwai wani aiki da dole ta yi kafin awon, kuma a nan masu araha ke faɗuwa. Makirufon ciki yana zaune ne daf da sifika, saboda haka karatun ko waƙar da ake saurare ita ce ta fi cika masa kunne. Aisi ta san abin da ta aika wa sifika, sai ta ƙiyasta yadda zai dawo ta makirufo, ta cire shi, ta auna abin da ya saura. Idan ƙiyasin ya kauce, muryar mai wa'azin da kake saurare za ta zama kamar taka, sai na'urar ta riƙa tsai da kanta. Wasu kamfanoni sun ƙara shaida ta uku, wata ƙaramar na'urar jin girgiza da ke manne a jikin iyafis. Ita ba ruwanta da iska, girgizar ƙashi kaɗai take ji. Makirufon waje biyu kuma suna da nasu amfani: tazarar da ke tsakaninsu wajen santimita 2 ce, sauti kuwa yana tafiyar mita 343 a sakan, don haka muryar da ta fito daga bakinka tana riga isa na ƙasa da kimanin kashi 60 cikin miliyan na sakan. Da wannan ɗan bambanci ake gane daga ina sauti ya taso.

Abin ba na jiya ba ne. Tun a 2006 kamfanin Aliph na Amurka ya fitar da Jawbone, mai wani ɗan tsini da ke taɓa kumatu yana jin girgizar magana. AirPods na farko na kamfanin Apple a 2016 ya zo da na'urar jin girgizar murya, AirPods Pro na 2019 ya ƙara makirufon ciki. Sony ya kawo Speak-to-Chat a 2020, Samsung ya sa Voice Detect a Galaxy Buds Pro a 2021, Apple kuma ya kawo Conversation Awareness a 2023. Mun rubuta sunayen yadda suke ne saboda su mai saye zai nema a wajen saiti.

Yanzu ga inda ake samun matsala. Na'urar ba ta san ma'anar magana ba, ba ta san Hausa ba balle Larabci, ba ta kuma san ko kai wane ne ba. Girgizar maƙogwaron wanda ke sanye da ita kaɗai ta sani. Ɗalibin da ya kunna karatun Alƙur'ani yana bi da baki don tilawa ko hadda, duk ayar da ya ɗauko sai karatun ya yi ƙasa ko ya tsaya. Na'urar aikinta ta yi. Haka mai zikiri da murya ƙasa-ƙasa, da mai bin waƙa, da mai gyaran murya. Tari da atishawa na lokacin hunturu suna tada ita, a wasu ma har taunar goro ko rake. Maganin wannan ba ya wajen mai gyara: a shiga manhajar iyafis a kashe wannan saiti lokacin karatu, a mayar da shi bayan an gama. A manhajar Sony ana iya rage saurin jinsa ma ba sai an kashe ba. Raɗa kuma akasin haka take. Mai raɗa ba ya kaɗa tantanin murya, ƙashi ba ya girgiza, saboda haka sau da yawa na'urar ba ta san an yi ba.

Sai batun lokaci, wanda gaisuwarmu ke tona wa asiri. Na'urar tana ƙirga sakan ne daga lokacin da kai ka yi shiru. A Galaxy Buds Pro zaɓin sakan 5 ne, ko 10, ko 15. Ka ce "Ina kwana, Baba," kunne ya buɗe, dattijo ya shiga tambayar gida da iyali da gajiya da labarin mutanen Wurno, kai kana saurare, kafin ya kai ƙarshe waƙa ta dawo maka a kunne. A sa shi a kan mafi tsawo. A gaban babba dai cirewa ta fi, don shi bai san kana jinsa ba, abin da ya gani a kunnenka yake gani.

Wannan siffa tana da hatsari ga 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep, kuma muna son a ji mu da kyau. Muryarka ce ke buɗe kunnen. Hon ɗin tirela a shataletalen Dandima ba ya buɗe shi, kiran fasinja ba ya buɗe shi. Wasu sababbi sun fara gane jiniya, amma wannan wani saiti ne daban, kuma ba kowane ke da shi ba. Ga kuma iska: a kan babur tana bugun makirufon waje ta cika shi da gurnani mai kauri, a daidai yankin da ake awon murya, sai lissafin ya rikice. Wanda ke tuƙi kada ya dogara da wannan fasaha ko kaɗan. Dama dokar hanya ta hana amfani da waya ana tuƙi.

Amma abin da ya fi kashe wannan aiki a garinmu abu biyu ne, roba da ƙura.

Duk bayanin da muka yi a sama ya rataya ne a kan kunne ya toshe sosai. Idan roba ta yi ƙanƙanta, ko ta tsage, ko ta saki saboda tsufa, kaurin murya zai zurare ta gefe, hayaniyar waje kuma ta shigo. Makirufon ciki da na waje sai su riƙa jin abu kusan iri ɗaya, aisi ta rasa abin da za ta bambanta. A kwali ana sako roba girma uku galibi, ƙarama da matsakaiciya da babba, amma mutane da yawa suna jefar da kwalin da sauran biyun a ciki tun a bakin shago. Kunnuwan mutum ɗaya ma ba lallai su zo daidai ba, wani dama matsakaiciya yake so, hagu babba. Gwajin mai sauƙi ne. A sa iyafis ba tare da an kunna komai ba, a ce "mmm". Idan muryar ta cika kai kamar lokacin da aka toshe da yatsa, ya zauna. Idan ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, a canza robar wancan. Manhajojin Apple da Samsung suna da gwajin zama, kuma da makirufon cikin nan suke yinsa. Akwai wata illa da ke biyo bayan sakakkiyar roba: sauti yana rasa kauri, sai mutum ya yi ta ƙara ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurare ga baligi a desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, a desibel 90 kuwa awa 4 kacal ya rage a mako.

Ƙura kuma ta fi roba ɓarna, domin ba a ganin aikinta. Makirufon da ke cikin waɗannan na'urori bai fi milimita 3 zuwa 4 ba, ƙofar da sauti ke shiga ba ta kai milimita 1 ba, a bayanta kuma akwai wani tantani na silikon da ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba. Raga ce kawai ke tsare shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana sauka a kan ragar, ta tarar da basilin ko man da aka shafa saboda kaushi, ko turaren mai da aka ɗiga a bayan kunne, su haɗu su zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Ta ciki kuma dauɗar kunne ce ke yin wannan aiki, musamman ga mai mayar da iyafis kunne a jiƙe bayan alwala. Alamomin sun bambanta, kuma da su ake gane inda toshewar take. Idan ragar waje ce ta toshe, wanda ka kira zai ce yana jinka kamar daga cikin rijiya, na'urar kuma ta riƙa tsai da sauti ba dalili, saboda na ciki ya rinjayi na waje ko ba ka yi magana ba. Idan ta ciki ce, sautin ɓangaren zai ragu, gwajin zama ya ƙi wucewa ko an canza roba, kuma ka yi ta magana ba ta kula ka. Akwai ƙofa ta uku da ba makirufo a bayanta, ta shaƙar iska ce don daidaita matsin cikin kunne. Idan ita ta toshe, za ka ji kunne ya cika kamar mai mura, kowane taku yana maka dum-dum a kai. Rawani da hijabi da hular sanyi su ma suna rufe makirufon waje, suna goga masa ƙyalle, wani lokaci har ya yi fito. Wannan da an ɗan sassauta ƙyallen ya wuce.

Wajen sharewa ne ake kashe da yawa. A cire robar a wanke ta da ruwa zalla, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Shi kuma iyafis a riƙe shi raga tana kallon ƙasa, a goge da busasshen buroshin haƙori mai laushi wanda aka ware don wannan aiki, a hankali, yadda dattin zai zubo maimakon ya shige. Jikinsa a goge da ƙyalle mai ɗan damshin sifirit, ban da kan raga. Allura da tsinken sakace suna huda raga su tura datti ciki. Fetur da kananzir da turare suna narkar da gam ɗin da ya riƙe ta. Iskar injin mai faci tana fasa tantanin nan take, kuma busawa da baki tana tura masa danshi. Abokan sana'armu ma muna tuna musu cewa bulowar zafi da ake ɗaga aisin waya da ita ba ta da wuri a nan, domin batir yana manne da makirufo a sarari ɗaya. A hunturu a share sau ɗaya a mako, a kuma share cikin akwatin cajin, don a nan dattin ke komawa. Wanda dauɗar kunnensa ta taurare kada ya sa ashana ko gashin kaza, ya je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

A duba kwali kuma. Inda aka rubuta IPX4 ko IPX7, lambar ƙarshe ta ruwa ce, harafin X kuwa yana nufin ba a ba shi matsayin jure ƙura ba sam. Mu nan da ƙura ta fi ruwa yawan kwanaki, IP54 ko IP55, masu lambar ƙura a gurbin X, sun fi mana IPX7 amfani, ko da IPX7 ya fi cika ido. Zafi ma haka. Apple ya rubuta cewa a yi amfani da AirPods tsakanin digiri 0 da 35, Sakkwato kuwa a Afrilu tana wuce 40. Batirin kowane kunne ɗan mitsitsi ne, na Galaxy Buds Pro 61 mAh ne a ma'aunin cajin da batir ke ɗauka, alhali wayoyin da ke hannun mutane da yawa 5000 suke. Barin akwatin a gaban mota ko a aljihun babur cikin rana yana cinye rayuwarsa, kuma a manne yake da gam, canza shi aiki ne da ba kullum yake yin kyau ba.

Sai jabu da ruɗin rubutu. ENC da ANC ba abu ɗaya ba ne. ENC yana tace muryarka ne don wanda ke ɗaya ɓangaren kiran, da makirufon waje ake yinsa, kai ba za ka ji wani canji a kunnenka ba. ANC shi ne mai kashe hayaniya a kunnenka, kuma shi ma wani da makirufon waje kaɗai yake aiki, wani da na waje da na ciki. Ko mai ANC ɗin ba lallai ya iya gane muryarka ba, sai an gina masa wannan aikin. Ƙirga ramuka ba ya nuna komai, domin makirufon ciki a ɓoye yake bayan raga, jabu kuma yana zuwa da ramukan ado da ba komai a bayansu. Hoton da ke tasowa a fuskar iPhone da lambar da ke jikin kwali duk ana kwaikwayonsu, ko da yake tun manhajar iOS 16 ta 2022 iPhone kan yi gargaɗi idan ta kasa tantance AirPods. A kuma san cewa saitin yana bin waya. Mai Tecno ko Infinix ko itel da ya sayi AirPods zai ji sauti ya yi kira, amma ba zai sami wajen saita Conversation Awareness a wayarsa ba, ya biya kuɗin abin da ba zai iya juyawa ba.

Gwajin da ke raba gardama minti 5 ne, a shago, kafin kuɗi su bar hannu. A tsaya kusa da janareta ko fanka a kunna ANC, gurnanin ya kamata ya faɗi a fili, ba wai a yi ta kasa kunne ana neman bambanci ba. A kunna karatu, a faɗi jimla cikakkiya da murya ta yau da kullum, sauti ya sauka cikin sakan ɗaya ko biyu, a yi shiru a ga ya dawo. Sai a bar mai shago ya yi magana kusa da kai kana shiru. Idan sautin ya sauka a nan, na'urar hayaniya kawai take ji, ba muryarka ba. Daga nan a fita bakin titi a ɗauki saƙon murya a WhatsApp, a tsakiyar ɗauka a ɗan kankari jikin iyafis da farce. Idan ƙarar kankarar ba ta fito a saƙon ba, makirufon waya ne ya yi ɗaukar, gwajin bai yi ba. A cikin jimlar a sa kalmomi masu s da sh da ts, irin su "tsohuwa ta sayi shinkafa da sassafe". Waɗannan haruffa iska ce zalla, ba sa bin ƙashi, makirufon ciki kuma da wuya ya ji abin da ya haura 2000 Hz na muryar mai shi, don haka na waje ne ke kawo su. Idan sun fito tsaf cikin hayaniyar titi, na'urar ta iya haɗa biyun. Kada dai a zargi iyafis don saƙon bai kai na makirufon waya daɗi ba. Bulutut yana ƙuntata murya idan ana amfani da makirufo, tsohon tsari yana yanke ta a wajen 3400 Hz, wanda ya biyo shi a wajen 7000.

Roƙonmu ga 'yan'uwa masu shaguna, Malam Edita, shi ne kowa ya ajiye na gwaji guda a buɗe, da robobi girma uku da sifirit na goge su tsakanin mai saye da mai saye, tunda ba wanda zai so sa abin da ya fito daga kunnen wani. A kuma rubuta a rasit ainihin abin da aka ce kayan yana yi, ANC ne ko ENC, yana gane murya ko ba ya yi, da kwanakin da aka yarda a dawo da shi. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar kai ƙara idan kaya ya saɓa wa abin da aka siffanta masa, amma ba tare da rasit ba maganar fatar baki ce. Masu kawo kaya daga Kano da Legas kuma su riƙa haɗowa da robobin canji ana sayarwa daban, domin a yanzu wanda robarsa ɗaya ta faɗi a Kasuwar Kara sai ya zagaye gari bai sami girmanta ba.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran waya da kayan sauti,
Sakkwato.